Wardin Tukunya da Wardin Garwa

Har gobe in baƙo ya shigo gidana ya ga tukwanen wardi jere a gindin bango, ya ce, "Kai, Malam, hannunka na da albarka," sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi a fuska. Nakan yi 'yar dariya in ce masa ai daɗewa ce. Ƙarya nake yi. Ba daɗewa ba ce, kuma ba hannuna ba ne. Yau dai zan faɗi yadda aka yi, tun da waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni da kunyata.

Mahaifina shi ne mai lambun bariki a Birnin Gwari, wato gidan da manyan ma'aikata ke sauka in sun biyo hanyar Kaduna. Tun zamanin Turawa yake wurin. Matar wani Bature ce ta fara kawo wardi, ta nuna masa ɗan abin da ta sani, sauran kuwa shi ya koya wa kansa, don ƙasarsu daban, tamu daban. Da suka tattara nasu ya nasu suka tafi, sai aka bar shi da tukwanensa. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma a garin nan in aka ce "mai wardi" kowa ya san wanda ake nufi, kuma wannan sunan ya fi masa albashin.

Ni ne ɗansa na fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido cikin ido ya yi mini magana ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar ana yi. In yana son in yi wani abu a gida, sai ya gaya wa Goggo, yayarsa da ke zaune tare da mu, ita kuma ta gaya mini da ƙarin gishirinta. In kuwa a lambu muke, tukwanen yake gaya wa. Zai tsuguna gaban wata ya ce, "Ke kam ƙishirwa kike ji, da za a sami mai ɗebo ruwa." Sai in ɗauki bokiti. Haka muka yi ta zance ni da shi ta bakin tukunya har na girma, kuma ban taɓa kasa gane abin da yake nufi ba. A riƙe wannan, don nan gaba zan so in ce ban gane ba.

Wardin Baba ba na burga ba ne. Ƙananan furanni ne, ruwan hoda, wasu farare, suna fitowa gungu-gungu a kan 'yar bishiyar da ba ta wuce gwiwa ba. Wadda ya fi so yakan ce mata 'yar gajera. In aka kawo masa sabon iri, ko kallon furen ba ya yi. Yatsu yake ɗorawa a kan reshe, tsakanin ganye da ganye. In yatsu biyu suka cika wurin, sai ya ce wannan za ta zauna a tukunya. In ya ga saura fili, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan tafiya take so," ya kai ta ƙasa ya dasa. Mai hawa bango kuwa, ko da wasa ba ya sa ta a tukunya.

Tukwanen ma ba kowace yake saye ba. Ranar kasuwa yakan jira matan Gwari na ƙauyukan bakin daji su sauke nasu daga kafaɗa, ya bi su ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya zaɓi masu faɗin baki waɗanda ba a goge bayansu ya yi santsi ba, don su ne ke tsatsafar da ruwa su yi sanyi kamar randa. Ya huda gindin, ya rufe hudar da tsingaro. Ƙasar kuwa cikin daji yake shiga ya kwaso ta ƙarƙashin bishiyoyin doka, inda ganye ya ruɓe ya yi baƙi, ya cuɗa da yashin rafi da tsohon takin shanu daga ruga, ya barbaɗa toka saboda gara. Duk wannan a gabana aka yi shi, har ni na sha ɗaukar buhun.

To, sai aka sa ni boko, na wuce har makarantar aikin gona. A can da sunan garinmu aka rubuta ni, ba da sunan Baba ba, kamar yadda ake yi wa yawancinmu a lokacin. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka turo ni gida a matsayin malamin gona. Na dawo da gajeren wando, da doguwar safa, da alƙalami biyu a aljihu, da kai kamar ya fashe. Ana nan sai aka mai da lambun bariki ƙarƙashin ofishinmu. Wato ni ne shugaban ubana. Ranar da Goggo ta ji, sai ta riƙe haɓa ta ce, "To, ranka ya daɗe, sai a riƙa yi mana a hankali, mu talakawanka ne." Na yi dariya, amma wallahi har cikin raina daɗi na ji.

Wajen ƙarshen sanyi takarda ta zo cewa wani babban jami'in gona zai taso daga Kaduna cikin bazara ya duba ayyukanmu, kuma a bariki zai sauka. Nan take na ƙudura cewa mutumin nan ba zai bar garin ba sai ya riƙe sunana. Ina da wani ɗan littafi mai hotunan furanni daga wani lambu a Jos. Na buɗe, na bi hotuna, duk wanda na ga ya fi girma ya fi ja sai in sa masa alama. Furanni ne kamar dunƙulen hannu, masu aure, wato an aura su a kan saiwar wani iri kamar yadda ake yi wa mangwaro. Na haɗa da masu hawa bango guda biyu don burga, na aika Jos a kawo mini su. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko abin da ya ji daɗin sanyin Jos zai ji daɗin ranar Birnin Gwari, balle ko zai yarda da zaman tukunya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa ya ɗaure ni tamau.

Tukwanen ƙasa kuma suka yi mini ƙauyanci. Babban mutum daga Kaduna ya zo ya tarar da tukwanen Gwarawa a baranda? Haba! Na sa aka tara garwar kananzir goma sha biyu, aka yanke bakinsu, aka shafe su da fenti kore da fari irin na sabuwar tuta. Na hana a huda gindinsu don kada ruwa ya ɓata simintin baranda. Na ce a jera su ta yamma, inda ke fuskantar hanya, yadda tun daga cikin mota za a hango su.

Ranar da dashen ya iso cikin babbar mota, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, Baba ne ya kwance shi. Ina tsaye da masinjan ofis. Na ga ya ɗora yatsu a kan reshe. Biyu, uku, huɗu, har da saura. Ya juya ga tukunyar da ke kusa da shi ya ce, "'Yar gajera, kin ga baƙinki? Dogaye ne. Waɗannan ƙasa suke so, saiwarsu zurfi take nema."

Ni kuma sai na juya ga masinja, na ɗaga murya na ce, "A littafi dai ba a auna fure da yatsa." Masinja ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da babban yatsan ƙafarsa. Baba ya ci gaba da kwance buhu.

Sannan na ce a kwashe tarkacen nan daga baranda. Tarkace na ce, da bakin nan nawa. Leburori suka taso za su kama, Baba ya ɗaga musu hannu. Shi kaɗai ya ɗauke tukwanensa ɗaya bayan ɗaya, a kafaɗa, ya kai su bayan kicin ƙarƙashin wani mangwaro. Tun hantsi yake yi har azahar. Ina zaune a baranda ina rubutun da ban san me nake rubutawa ba.

Aka cika garewanin da jar ƙasar bayan ofis da takin zamani, aka dasa nawa a ciki. Na rubuta lokutan ban ruwa, safe da yamma, na manna a bango, ga mutumin da bai iya karatun boko ba. Masinja ya karanta masa, ya bi daidai, bai taɓa tsallake rana ba. Makonnin farko kuwa abin ya yi kyau. Suka fid da sabon ganye, wasu har suka yi toho. Na riƙa zagayawa da hannu a baya kamar wani Razdan na zamanin Turawa.

Sai bazara ta sauka. Wata rana bayan azahar na ga Baba ya ɗora tafin hannunsa a jikin wata garwa, ya janye da sauri. Babu tukunya kusa, don haka garwar ya gaya wa. "Wanda ya taɓa shan ruwan garwa da rana," in ji shi, "ya san bambancinsa da na randa." Na ji shi sarai. Amma na ce a raina ai ba da ni yake ba, da garwa yake. Kun ga inda na ɓoye? Al'adar da ta hana shi ya dube ni ya ce, "Kai, ba haka ake yi ba," ita na mayar bango na laɓe a bayanta. Da wani tsohon ne daban, da ya faɗa mini gatse-gatse, da ƙila na ji. Shi kuwa ba shi da wannan damar, kuma na san ba shi da ita.

Ganye ya fara rawaya, bakinsa ya ƙone, toho ya bushe bai buɗe ba. Na ce ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Aka ƙara. Na ce yunwa ce, a ƙara taki. Aka ƙara. Daga nan in ka matsa kusa sai ka ji wani wari kamar na kwatami. Wata safiya na iso da wuri, na tarar da Baba ya karkata wata garwa, ƙusa a hannun hagu, dutse a na dama, zai huda gindinta. Ban dube shi ba. Ni ma na iya magana da iska. Na ce, "Kayan gwamnati ne, kada wanda ya taɓa." Ya ɗan tsaya, ya mai da garwar yadda take, ya sa ƙusar a aljihu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jami'in ya iso da hantsi, wani kakkauran mutum mai tabarau, ɗan Arewa, kuma rashin sa'ata ya san gona ba a littafi kaɗai ba. Tun bai gama fitowa daga mota ba ya hangi garewanina, kamar yadda na shirya. Sanduna goma sha biyu a tsaye, da 'yan ganyayyaki a maƙale. Ya hau baranda, ya kama ɗaya ya ja, ta taho masa ba gardama, saiwar baƙa wulik, tana ɗiga. Ya shinshina ya yar.

"Wa ya zaɓi wannan irin?" in ji shi. "Wa ya sa wardi mai aure a garwa, ba huda, a tsakar rana? Dafa su aka yi niyya?"

Kuku yana nan, masinja yana nan, leburori suna nan. Duk sun san amsar. Ban yi magana ba, amma na yi abin da ya fi magana muni. Na waiga na dubi Baba. Ƙiftawar ido ce kawai, amma jami'in ya bi idona.

Baba ya matso, ya cire hula, ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mai lambu."

Bai ce shi ya zaɓa ba. Bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Ya faɗi gaskiyar da za ta rufe ni ne kawai.

Jami'in ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Ɗan garin nan ne kai, ko? Ka san tsohon nan?"

Na ce, "Na san shi, ranka ya daɗe."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na san shi. Mutumin da ya sayar da ɗan bijiminsa ya yi mini akwatin tafiya makaranta. Na ji kuku ya ja numfashi a bayana.

"Ya tsufa," in ji jami'in. "Irin waɗannan sun saba da Turawa na tsaye a kansu. A sallame shi, a ɗauki mai jini a jika. Ka rubuta takarda, ka faɗi dalili, ka aiko mini da kwafi."

Da abin ya tsaya nan ma da sauƙi. Ya ce zai wanke hannu, aka zagaya da shi bayan kicin. Can ya ci karo da tukwanen Baba a inuwar mangwaro, kore shar, 'yar gajera ta cika da fure har ba a ganin ganyenta sosai, cikin wannan zafin da ko kare ba ya fita. Mutumin ya tsaya cak. Ya tsuguna da babbar rigarsa, ya shafa jikin tukunya ya ji sanyi, ya sa yatsa cikin ƙasar ya murza.

"Yauwa!" in ji shi. "Ga irin da ke zama a tukunya. Gajere, mai saiwar kansa, ga ƙasar daji, ga huda. Waɗannan fa, aikin wa?"

Allah ya ba ni ƙofa ta biyu a buɗe. Baba yana nan inda ya durƙusa, ta kusurwar gini ina hango ƙafafunsa, kuma na san yana jinmu.

Na ce, "Gwaji nake yi, ranka ya daɗe."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ga amfanin ilimi. A mai da su gaba." Ya fid da ɗan littafinsa ya rubuta sunana. Abin da na nema ke nan tun farko, na kuwa samu.

Kwana biyu ina juya takardar nan. A ƙarshe na rubuta ta da Turanci, akawu ya buga, na sa hannu. Dalili: tsufa da sakaci. Na miƙa wa masinja ya kai, ya ɓoye hannuwansa a baya ya ce, "Malam, ai gida ɗaya kuke kwana." Tun da nake da shi bai taɓa ƙin aike ba sai ranar.

Bayan la'asar na shiga gida da ita. Baba yana zaune a kan buzu a tsakar gida, da wata ƙaramar tukunya a gabansa, ya kafa reshen 'yar gajera a ciki yana danna ƙasar da yatsa. Goggo na gefe tana kaɗi. Labari ya riga ni isowa, don ko sallamata ba ta amsa da kyau ba. Na tsuguna nesa kaɗan, na ce wa Goggo an ba ni takarda in kawo.

Baba ya ce wa tukunyar, "A karanta da Turancin tukuna, a ji."

Na karanta. Na kai har ƙarshe. Sannan na mai da ita Hausa. Na ce an gode masa bisa daɗewar da ya yi yana aiki, an sallame shi daga ƙarshen wata saboda tsufa. Na naɗe takardar.

Ya ci gaba da danna ƙasa. Can ya ce, "Akwai kalma guda da aka tsallake. Na zauna da Turawa, na san ta. Uwargidan Bature takan faɗa wa kuku in ya ƙona burodi."

Na buɗe takardar kuma. Na ce, "Da sakaci."

Goggo ta aje mazarinta. Ta dube ni tun daga safa har hula ta ce, "Tir! Kai ka rubuta wannan da hannunka? Kai ɗin nan da na goya?" Ita ba ruwanta da kunyar ɗan fari, kuma na so ta ci gaba, ta zage ni tas, ko na ji sauƙi. Amma Baba ya ɗaga mata hannu kamar yadda ya yi wa leburori, ta yi shiru.

Ya jawo tukunyar kusa da gwiwarsa. Ya ce mata, "A gaya wa wanda za a ɗauka, sau ɗaya kike shan ruwa, da sassafe. In an mai da ku baranda, ta gabas za a sa ku." Ya kaɗe ƙasa daga yatsunsa. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, ya sassauta murya kamar mai faɗin abin da bai kamata a ji ba. "Kin kuwa ji Turancin nan? Tun daga sama har ƙasa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba."

Tun da aka haife ni, wannan ne karo na farko da na ji ya yabe ni.

Kafin shekara ta zagayo aka ƙara mini girma, aka ɗauke ni daga garin. Takarda guda ta isa in gyara abin, layi uku, in ce ni na zaɓa. Kullum sai in ce gobe. Baba ya koma noman dawa a bakin daji, bai sake taka bariki ba har ya rasu, kuma mutane suka daina ce masa mai wardi. Na sha zuwa gida da niyyar in yi masa magana, in na tsuguna sai in ce ai al'ada ta hana. Al'ada ba ta hana ni komai ba, tsoro ne da rashin kunya.

Da aka yi rabon gado, ƙannena suka ɗauki gona. Ni tukunyar nan na roƙa, Goggo ta miƙo mini ita ba tare da ta dube ni ba. Duk wardin da ke gidana daga jikinta aka yanko su. Kowace safiya in na zuba mata ruwanta sau ɗaya, nakan tsuguna in ce mata, "Ni na zaɓa. Ni na hana a huda." Ina faɗa da ƙarfi, yadda na baya zai ji. Sai dai babu kowa a bayana.